Daga Ganyen Tumatir Zuwa Jinin Mai Sankarar Huhu: Yadda Na Bi Sawun Cuta a Ɗakin Gwaje-gwaje

Aikin da aka ɗora mini a ɗakin gwaje-gwajen sinadaran halitta kashi biyu ne, kuma wanda ya ji su a jere zai ɗauka babu abin da ya haɗa su. Na farko shi ne auna sinadaran da tsiro ke samarwa don kare kansa idan ƙwayar cuta ta shige shi, na biyu kuwa auna wasu furotin da ke yawo a jinin ɗan Adam, waɗanda ake fatan su nuna ko mutum yana ɗauke da sankarar huhu. Da farko abin da ya haɗa su a idona kayan aiki ne kawai, domin na'urar auna haske ɗaya ce, firiza ɗaya ce, ma'aikatan ma su ne dai. Sai da na bi kowane ɗaya daga farko har ƙarshe na gane cewa matsalarsu ma ɗaya ce: a duka biyun sawun cuta ake aunawa, kuma ba cutar da ake nema ce kaɗai ke barin irin wannan sawu ba. Saboda haka darajar lambar da na'ura ta fitar tana rataye ne a kan abin da aka kwatanta ta da shi, da kuma yadda aka riƙe samfurin kafin ya isa na'urar.

Da tsiro na fara, kuma kafin in taɓa ganye sai da aka sa ni na karanta abin da aka riga aka sani. Tsiro ba shi da ƙwayoyin jini masu sintiri da za su ruga wurin da aka kawo hari, don haka kowace ƙwayar halitta a jikinsa ita ke tsaron kanta. A fatarta akwai furotin masu gane baƙo, waɗanda ke shaida wasu sassan jikin bakteriya da fangas. Sanannen misali shi ne wani guntu mai amino asid 22, wato tubalan da ake gina furotin da su, daga wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, wanda aka gano furotin mai shaida shi a tsiron Arabidopsis a shekarar 2000. Da zarar an gane baƙon, cikin mintuna kaɗan ƙwayar halittar takan fitar da haidurojin feroksaid, ƙananan ƙofofin numfashi na ganye su rufe, a fara ƙara wa bangon ƙwayar kauri. Bakteriya mai iya haddasa cuta takan tura nata furotin ciki don ta kashe wannan gangami, shi kuma tsiron da ya gaji juriya yana da wasu masu gadi a ciki da ke gane furotin ɗin maharin, sai ya kashe ƙwayoyinsa da ke kewaye da wurin da gangan don ya hana cutar yaɗuwa. Jonathan Jones da Jeffery Dangl sun tsara wannan kai-komo a wata maƙala ta 2006 da har yau ake koyarwa da ita.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa labarin ba ya tsayawa a ganyen da aka harba. A 1961 Frank Ross na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa idan aka sa wa ganyen ƙasa na taba wani bairos mai sa ganye dabbare-dabbare, ganyen sama da ba a taɓa ba sukan ƙara juriya bayan 'yan kwanaki. A 1979 R. F. White a Ingila ya ga cewa asfirin ma kan jawo irin wannan juriya a taba, sannan a 1990 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya da taba ɗaya da kokwamba, suka nuna cewa tsiro da kansa yake ƙara samar da asid ɗin salisilik, ɗan'uwan asfirin, idan cuta ta kama shi. A 1993 aka samar da taba mai ɗauke da ƙwayar gadon bakteriya da ke rushe wannan asid, sai juriyar ta ɓace. Wannan gwaji na ƙarshe ya rarrabe mini tsakanin abin da ke tashi tare da kariya da abin da kariyar ba ta yiwuwa sai da shi, kuma tun daga nan na san irin awon da zan yi na farkon kaɗai zai iya nunawa.

Mun shuka tumatir iri biyu a ɗakin gilashi na rainon tsirrai, ɗaya mai juriya ga bakteriyar Pseudomonas syringae, wadda ke sa ganye ƙananan baƙaƙen ɗigo, ɗayan kuma marar juriya. Ana shigar da bakteriyar ne da sirinji marar allura: a dafa bakinsa a bayan ganye, a tokare da yatsa ta ɗaya gefen, a tura ruwan a hankali har a ga wurin ya jiƙe ya yi duhu. Shugaban binciken ya dage cewa kowane iri a raba shi uku, wato waɗanda aka sa wa bakteriya, waɗanda aka tura musu ruwan gishirin maganisiyom zalla ta hanya iri ɗaya, da waɗanda ba a taɓa ba sam. Haka kuma aka cakuɗa tukwanen a kan teburi ta hanyar ƙuri'a, domin tsiron da ke kusa da gilashi ya fi samun haske da zafi, kuma idan aka jera masu juriya duka a gefe guda ba za a san ko gado ne ya bambanta su ko rana ba.

Ɗebar ganye ita ce matakin da ya fi buƙatar sauri. Muna ɗiba kafin a sa bakteriya, sannan bayan sa'a 6, 12, 24, 48 da 72, kuma kowane ganye daga almakashi sai cikin ruwan nitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Dalili shi ne yanka ganye ma rauni ne, kuma tsiro kan fara mayar da martani ga rauni nan take, musamman ta hanyar asid ɗin jasmonik, sinadarin da ke kai saƙon rauni a jikin tsiro. Wanda ya yanki ganye ya tsaya rubuta lamba a jikin leda kafin ya daskarar da shi, to wani ɓangare na abin da zai auna aikin almakashinsa ne. Daga nan ake niƙa ganyen a ɗan turmin tangaran da aka sanyaya, ana ƙara nitirojin a kai a kai har ya zama gari, a zuba ruwan daidaita tsami mai sanyi da wata hoda da ke kama sinadaran fenol, domin in ba ita sai ruwan ya yi launin ƙasa, fenol ɗin su manne wa enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai, su kashe ƙarfinsu. Sai a juya cakuɗin a na'urar wulwula mai sanyin digiri 4, a tsotse ruwan sama, a ajiye shi cikin ƙanƙara. Aiki ne na tsaye, yatsu na daskarewa ko da safar hannu, kuma babu wani ɓangarensa da ke fitowa a rahoton ƙarshe sai jimla ɗaya ko biyu.

Kafin a auna kowane enzayim sai an san yawan furotin da ke cikin ruwan gaba ɗaya, don kada samfurin da aka niƙa da kyau ya yi kama da wanda ya fi ƙarfin kariya. Mun yi amfani da hanyar da Marion Bradford ya wallafa a 1976, inda wani rini ke komawa shuɗi idan ya haɗu da furotin, a karanta shi a zangon haske na nanomita 595. Enzayim biyu na fi mayar da hankali a kansu. Na farko shi ne PAL, wanda ke mayar da fenilalanin zuwa asid ɗin sinamik, kuma daga wannan ƙofa ake bi zuwa liginin mai ƙarfafa bango da wasu sinadarai masu guba ga ƙwayar cuta. Ana bibiyar sa a nanomita 290. Na biyu shi ne feroksidas, wanda idan aka ba shi gwayakol da haidurojin feroksaid sai ruwan ya rine ja-ja a gaban idon mutum, a karanta saurin rinewar a nanomita 470. Asid ɗin salisilik kuwa ba a iya auna shi ta wannan hanya mai sauƙi, sai an tace shi a na'urar rarrabe sinadarai, kuma sai an auna wanda ke sake da wanda tsiro ya ɗaure da sukari ya ajiye.

A ido, bambancin bai ɓuya ba. A tumatir mai juriya wurin da aka tura bakteriya ya bushe ya mutu cikin kusan kwana ɗaya, sauran ganyen ya tsaya kore. A marar juriya babu abin da ya bayyana da farko, sai bayan kwanaki ɗigon suka fito, kowanne da zobe rawaya a kewaye, wanda ke da nasaba da gubar koronatin da bakteriyar ke fitarwa don ta kwaikwayi saƙon jasmonik ta danne hanyar salisilik. A lambobi kuwa abin ya fi haka sarƙaƙiya. A sa'o'in farko PAL ya tashi har a ganyen da ruwan gishiri kawai aka tura musu, saboda matsin sirinji. Da rukuni biyu kaɗai muka yi, masu bakteriya da waɗanda ba a taɓa ba, da mun jingina wa bakteriya duk wannan tashi. Abu na biyu da ya fito shi ne cewa marar juriya ma ya samar da enzayim ɗin da yawa daga baya, lokacin da cutar ta riga ta ci ganyen. Ke nan abin da ya raba iri biyun shi ne wanda ya riga tashi. Wanda ya ɗebi ganye a rana ta uku kaɗai zai iya cewa marar juriya ya fi kariya, alhali abin da yake gani alamar ɓarna ce.

Don a tabbatar cewa tashin enzayim ya zo daidai da raguwar cuta, mun riƙa huda ƙananan faifai daga ganyen, mu niƙa, mu surka mataki-mataki, mu shafa a faranti mai abincin bakteriya, mu ƙirga gungun da suka tsiro. A nan ne kuma aka yi ta jaddada mini wata ƙa'ida da masu farawa kan yi sakaci da ita, cewa auna ruwan ganye ɗaya sau uku yana nuna daidaiton hannun mai awo ne, amma tsiro uku dabam-dabam ne ke nuna abin da irin ke yi.

Lokacin da na koma ɓangaren jini, na tarar da feroksidas yana jira na a can. Hanyar da ake auna yawancin alamomin sankara ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Siwidin a 1971. Faranti ne na roba mai ramuka 96, an shafe kowane rami da antibodi mai kama furotin ɗin da ake nema. A zuba ruwan jini, a bar shi ya zauna, a wanke, a zuba antibodi na biyu da aka liƙa wa enzayim, a sake wankewa, sannan a zuba wani ruwa marar launi wanda enzayim ɗin zai mayar shuɗi. Idan aka ɗiga asid sai shuɗin ya koma rawaya, a karanta a nanomita 450. Enzayim ɗin da aka fi amfani da shi feroksidas ne da ake cirowa daga saiwar wani tsiro mai yaji da ake kira hosradish, wato dangin wanda na sha aunawa a ganyen tumatir. Masana cututtukan tsirrai ma sun rungumi wannan hanya tun 1977, lokacin da Clark da Adams a Ingila suka daidaita ta don gano bairos a ganye. Hannuna ya riga ya saba da aikin, amma nauyin da ke kan kowane rami ya canza, tun da yanzu kowane samfuri mutum ne.

Dalilin da ya sa ake ta neman alamar sankarar huhu a jini a fili yake. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ya nuna cewa a 2022 kusan mutum miliyan 2.5 ne suka kamu da ita, kusan miliyan 1.8 suka mutu, kuma babu sankarar da ta kai ta kisa. Mafi yawan masu ita ba a gano su sai ta yaɗu, domin ƙaramin ƙari a cikin huhu ba ya ciwo. Hanyar tantancewa da aka tabbatar tana rage mutuwa ita ce hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, mai ƙarancin hasken radiyeshon. Wani babban gwaji a Amurka da ya ƙunshi mutum fiye da 53,000 ya nuna a 2011 cewa ta rage mutuwa daga wannan cuta da kashi 20 cikin ɗari idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum, sannan gwajin da aka yi a Holan da Beljiyam ya nuna a 2020 raguwar kashi 24 cikin ɗari a maza. Sai dai na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma hoton kan nuna ƙulli da yawa waɗanda ba sankara ba ne. Gwajin jini mai sauƙi da zai faɗi wanda ya kamata a yi wa hoto, ko ya faɗi ƙullin da ya kamata a damu da shi, zai yi amfani ƙwarai.

Alamomi huɗu aka ba ni. CEA furotin ne da Phil Gold da Samuel Freedman suka gano a Kanada a 1965 a sankarar hanji, kuma yakan tashi a nau'in sankarar huhu da ke fitowa daga ƙwayoyi masu fitar da majina. CYFRA 21-1 guntun furotin ne daga ƙashin ginin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin iska. NSE da ProGRP kuwa sun fi tashi a nau'in da ake kira mai ƙananan ƙwayoyi, wanda shi ne kusan kashi 15 cikin ɗari na masu cutar, kuma ya fi saurin yaɗuwa. Kowannensu yana da abin da ke ruɗa shi. CEA ya fi yawa a jinin mashaya taba ko da lafiyarsu ƙalau, kuma su ne mutanen da aka fi neman sankarar huhu a cikinsu. CYFRA da ProGRP sukan taru a jinin wanda ƙodarsa ta yi rauni, domin ba ta tace su yadda ya kamata. NSE yana nan a cikin jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin daskarar da jini, saboda haka idan suka fashe a cikin kwalba sai ya malalo.

Kafin a ɗebi ɗigo ɗaya sai da kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarinmu ya amince, bisa ƙa'idojin da suka samo asali daga Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma wannan ya ɗauki lokaci fiye da duk wani shiri na ɓangaren tsiro. Ina cikin masu yi wa majinyata bayanin takardar amincewa tare da ma'aikaciyar jinya. Wani dattijo da ke jiran sakamakon naman da aka yanko daga huhunsa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, wannan jinin da za ku ɗiba zai gaya mini abin da ke damuna?" Na ce masa, "A'a Baba, likitanku ne zai gaya muku daga naman da aka gwada. Namu awon don mu ga ko nan gaba zai taimaki wasu ne, kuma ko kun ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake yi muku." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya sa hannu. A ganina wannan amsa ita ce mafi muhimmancin sashe na takardar, domin mutumin da ke cikin fargaba yana iya amincewa da komai idan ya zaci a nan amsarsa take.

Riƙon jini ya tuna mini da riƙon ganye, sai dai tsarinsa ya fi tsauri. Ana ɗiba kafin a fara wa majinyaci magani, da allura mai faɗin da ya dace, ba tare da an daɗe da ɗaure hannu ba. A bar jinin ya daskare, a wulwula shi, a raba ruwan da ƙwayoyin cikin kusan sa'a ɗaya saboda NSE. Duk kwalbar da ruwanta ya fito da launin ja maimakon rawaya mai haske, an san ƙwayoyi sun fashe, sai a ware ta. ProGRP kuma ba ya daɗewa a ruwan jinin da ya daskare, don haka muka riƙa ɗibar masa kwalba dabam mai maganin hana daskarewa. Sai a rarraba kowane samfuri cikin ƙananan bututu, a ajiye a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, don kada a riƙa narkar da bututu ɗaya ana sake daskarar da shi. A jikin bututun lamba ce kawai, kuma takardar da ke haɗa lamba da mutum tana hannun wani dabam. Ni mai awo ban san na wane ne mai sankara ba har aka gama.

Yadda ake jera samfura a faranti abu ne da na ga an ɗauka da muhimmanci sosai, kuma akwai tarihi a bayansa. A 2002 an wallafa wani bincike a mujallar Lancet da ya ce tsarin furotin a jini na iya gano sankarar ƙwan mace kusan ba kuskure. Da wasu masana ƙididdiga suka sake duba bayanan, sai suka nuna cewa bambancin da aka gani yana iya kasancewa daga yadda aka sarrafa samfuran da lokacin da aka gudanar da su. Saboda irin wannan ne kowane faranti namu ya ƙunshi cakuɗin masu sankara da marasa ita, kowane samfuri a rami biyu, tare da jerin ruwan ma'auni da aka san ƙarfinsa, da kuma wani samfuri guda da ake sawa a kowane faranti don a ga ko awon jiya ya yi daidai da na yau. Idan ramuka biyu na mutum ɗaya suka saɓa fiye da iyakar da aka gindaya, sai a sake.

Da aka buɗe lambobin, kwatancen farko ya faranta rai. Tsakanin masu sankara da masu ba da jini lafiyayyu tazarar a bayyane take, musamman a CYFRA da CEA. Amma tsarinmu ya tanadi rukuni na uku, wato mutanen da suka zo asibiti da tari, ramewa da ƙarancin numfashi, aka gano tarin fuka ne, ko namoniya, ko toshewar hanyoyin iska ta dogon shan taba. Da aka sa su a ma'auni, tazarar ta tsuke ƙwarai, domin huhun da ya kumbura ko ya lalace shi ma yana zubar da waɗannan furotin. Su ne takwarorin ganyen da aka tura wa ruwan gishiri, kuma su ne ainihin mutanen da likita ke buƙatar rarrabewa, tun da lafiyayyen matashi ba ya zuwa wurinsa da tambayar sankarar huhu. Abu na biyu ya fi sanyaya gwiwa. Lambobi masu tsananin hawa na waɗanda cutar ta riga ta yaɗu a jikinsu ne, su kuwa 'yan kaɗan ɗin da aka gano da wuri, waɗanda tiyata za ta iya warkar da su, da yawansu awonsu bai wuce iyakar lafiya ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata duk mai jin labarin sabon gwajin jini ya yi da kansa. A ƙaddara mutum 10,000, ɗaya cikin ɗari na da sankarar, wato mutum 100. A ƙaddara kuma gwajin yana kama 80 cikin kowane 100 masu cutar, yana kuma wanke 90 cikin kowane 100 marasa ita, wanda a takarda ba laifi. Zai kama masu cutar 80, ya bar 20 su tafi da kwanciyar hankalin ƙarya, sannan ya tuhumi mutum 990 daga cikin 9,900 da ba su da komai. Cikin mutum 1,070 da za a ce musu gwajinsu ya nuna alama, ƙasa da ɗaya cikin goma ne ke da sankara, sauran kuwa za su shiga hoto, fargaba, wasu har da yankar nama mai haɗarinta. Wannan ne ya sa ba a ba da shawarar amfani da waɗannan alamomi huɗu don tantance jama'a masu lafiya.

Hakan bai sa suka zama marasa amfani ba. Inda ProGRP da NSE suka hau sosai a mutumin da ƙodarsa ke aiki kuma jininsa bai fashe ba, sukan karkatar da zato zuwa nau'i mai ƙananan ƙwayoyi, wanda maganinsa ya bambanta, ko da yake hukuncin na naman da aka gwada ne. Sun fi amfani kuma idan aka kwatanta mutum da kansa, wato awonsa kafin magani da awonsa bayan an fara, domin saukar lambar ko sake hawanta na ba da labarin da awo ɗaya tilo ba zai bayar ba. Hankalin masu bincike da yawa ya koma kan guntattakin DNA da ƙari ke zubarwa a jini, domin su daga jikin sankarar kanta suke. A 2004 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gadon EGFR yana nuna waɗanda wasu magunguna za su yi wa aiki, kuma a 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na gano wannan sauyi. Amma wannan don zaɓar magani ne ga wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar, kuma ƙaramin ƙari ɗan DNA kaɗan yake zubarwa, don haka matsalar gano cuta da wuri tana nan.

A rahoton da muka rubuta mun gabatar da kwatancen biyu gefe da gefe, na lafiyayyu da na masu sauran cututtukan huhu, mun raba sakamakon bisa matakin da cutar ta kai, mun kuma faɗi samfuran da aka ware da dalilin ware su. An ɗan yi muhawara a kan ko a sa kwatancen lafiyayyu a gaba tun da shi ya fi kyan gani, ni kuwa ina cikin waɗanda suka ce na masu tari ya kamata ya zo farko, kuma haka aka yi. Iyakar lambar da muka zaɓa don raba mai cuta da marar cuta daga waɗannan majinyata muka ciro ta, saboda haka ba za a amince da ita ba sai an gwada ta a kan wasu mutane dabam, a wani asibiti dabam, ba tare da an taɓa ta ba. Mataki na gaba da muka nemi izininsa shi ne ɗibar jini daga mutanen da hoton CT ya nuna musu ƙaramin ƙulli tun kafin a san ko mene ne, a ajiye samfuran, a bi lafiyar masu su na tsawon shekaru biyu, sannan a auna jinin a ga ko da ya iya rarrabe ƙullin da ya zama sankara da wanda bai zama ba. Takardar neman izinin tana gaban kwamitin ɗa'a a halin yanzu.